Wace kujera mai araha zan riƙe a tikitin kaka na okestira a Berlin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Berlin, kuma ina so in sayi tikitin kaka na okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, wanda ake biya gaba ɗaya a riƙe kujera guda daga farkon kakar wasanni har ƙarshenta. Ƙarfina bai wuce rukunin farashi biyu na ƙasa ba. Taswirar zauren ta ruɗa ni: akwai masu araha can ƙololuwa, akwai na bayan makaɗa, akwai na gefe. Wanne ya fi, kuma me zan guje wa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu yanka farashin kujeru abin da ido zai gani suke aunawa. Kujerar da ke tsakiya, tana fuskantar dandamali kai tsaye, ba kusa ainun ba kuma ba nesa ba, ita ce mai tsada. Duk wadda ta kauce wa wannan sai kuɗinta ya sauka, ko da kunne bai yi asarar komai a cikinta ba. A nan ribar mai ƙaramin ƙarfi take. Cikin kujeru masu araha akwai waɗanda aka rage wa kuɗi saboda nisa ko karkacewar gani kawai, akwai kuma waɗanda sautinsu ne ya lalace. Aikinka shi ne ka rarrabe su, kuma abu biyu ne ke rarrabewa: abin da ke bisa kanka, da kuma inda kayan kiɗan suka juya baki.

Nisa shi ne abin da mutane suka fi tsoro, kuma shi ne mafi ƙarancin illa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da mai busa, ƙarfin sautin na raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A cikin zaure ba haka abin yake ba, domin sautin na iso maka ta hanya biyu: wanda ya taho kai tsaye daga dandamali, da wanda ya bugi bango da rufi ya dawo. A zauren kiɗa mai kyau, idan makaɗa suka tsaya cak, amon kan ɗauki wajen daƙiƙa biyu kafin ya mutu, kuma wannan amon yana cika zauren kusan daidai-wa-daida. Shi ya sa mutumin da ke can sama yake jin kiɗan a haɗe, goge da busa da ganga sun gauraye, wani lokaci ma fiye da wanda ya biya ninki uku a ƙasa. Abin da nisa ke jawowa ƙanana ne. Fuskokin makaɗa ba za su fito ba, kuma da yake sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, idan kana mita 34 daga dandamali za ka ga sandar mai tambura ta sauka kafin ƙarar ta iso da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Bayan minti biyar ka daina lura.

Berlin na da manyan zauruka iri biyu, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce. Konzerthaus da ke dandalin Gendarmenmarkt dogon ɗaki ne mai kusurwa huɗu, dandamali a kai guda, benaye a gefe da baya. Irin wannan fasali ake kira akwatin takalmi, kuma shi ne na Musikverein a birnin Vienna da aka buɗe a 1870, da Concertgebouw na Amsterdam na 1888, da zauren Boston na 1900. Philharmonie kuwa, wanda Hans Scharoun ya zana aka buɗe a 1963, makaɗa ne a tsakiya, kujeru 2,440 sun kewaye su hawa-hawa. Ba ka faɗi wanne kake nufi ba, don haka zan taɓa duka biyun.

A zaure mai kusurwa huɗu, babban abin gudu shi ne ƙarƙashin bene. Sahun baya na ƙasa, inda benen farko ya yi maka rumfa, a taswira sai ka ga kamar ciniki ne: ƙasa ce, tsakiya ce, ga araha. Amma rumfar na tare amon da ke saukowa daga rufin zauren, sai abin da ya taho ta gaba kaɗai ya same ka, siriri, kamar daga wani ɗaki ake kiɗan. Leo Beranek, masanin sautin gine-gine ɗan Amurka, ya bayar da ma'auni mai sauƙi: zurfin rumfar kada ya wuce tsayin bakinta. Kai da ba ka riƙe da awo, gwajinka shi ne ka zauna ka ɗaga kai. In kana ganin babban rufin zauren sosai, kujerar ta tsira. In silin bene kake gani dab da kai, tashi. Sahu ɗaya ko biyu daga bakin rumfar ba laifi, daga nan zuwa ciki kuwa kowane sahu ya fi na gabansa muni. Sau da yawa kujerar da ke saman wannan benen, ko ma a bene na biyu, ta fi araha kuma ta fi daɗin ji, domin babu komai tsakaninta da rufi.

Sahun farko-farko na ƙasa ma kan zo da rangwame, kuma akwai dalili. Dandamali ya fi ƙasa tsayi, don haka takalman masu goge da ƙafafun kujerunsu za ka yi ta kallo, wuyanka a ɗage. Masu busa da ke baya ba za ka gan su ba, sautinsu ta bisa kanka zai wuce. Za ka ji mai gogen da ke gabanka shi kaɗai, har da kartar izgarsa a kan tsirkiya da shaƙar numfashinsa, alhali mutum goma sha shida aka so ka ji kamar mutum guda. Akwai masu son wannan kusanci, kuma dare guda yana da daɗi. Kaka guda cur ba na ba da shawara. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: inda daɓen zauren ya ke shimfiɗe ba hawa, sautin da ke bi ta kan sahun kujeru yana rasa wani ɓangare na kaurinsa, wajen hatiz 100 zuwa 300 a ma'aunin kaurin sauti, inda muryar celo (babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi) da manyan goge take. Wanda ke bene bai da wannan matsalar, domin sautin daga ƙasa yake tasowa ya same shi.

Benen gefe sautinsa lafiya lau, bangon da ke kusa ma taimako yake yi. Matsalarsa gani ce. A sahun farko za ka rasa kusurwar dandamalin da ke ƙarƙashinka. A sahu na biyu, da zarar na gabanka ya jingina gaba don ya leƙa, rabin makaɗan sun ɓace maka, kuma zai jingina, domin shi ma bai gani. Idan taswira ta rubuta eingeschränkte Sicht, gani ne ya ragu. Idan ta ce Hörplatz, kujerar saurare ce zalla, kada ka sa ran ganin komai.

A Philharmonie lissafin ya sauya, domin kusan babu rumfar bene mai zurfi. An raba kujerun da haruffa: A, B, C da D suna gaban makaɗa, suna hawa daga kusa zuwa nesa, E, F da G a gefe, H da K a baya. Masu tsadar suna A da B. A nan abin tambaya shi ne ina kowane kayan kiɗa ya dosa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai kakaki ranar hawan sallah, sannan ya koma bayansa, ya san ƙarar ba ɗaya ba ce, alhali gangar da ke gefe ko ta ina ka tsaya haka take. Haka abin yake a okestira. Tiramfet da tirambon gaba suke harbawa. Muryar mawaƙi gaba take zuwa, musamman baƙaƙen da ke sa a gane kalma. Murfin fiyano a buɗe yake ta wajen masu kallo na gaba, yana tura sautin can, na baya kuwa bayan murfin yake gani kuma yake ji. Ƙaho mai naɗi shi ne ya saɓa: bakinsa baya yake kallo, don haka wanda ke H shi ne ke shan ƙararsa. Tambura da sauran kayan bugu a sahun ƙarshe na dandamali suke, wato a gabanka kai tsaye in kana baya, masu goge kuwa su ne suka fi nisa da kai. Ma'aunin ya juye ke nan: abin da aka tsara ya zama a ƙasa ya hau sama.

Duk da haka kujerun baya na da masoya na gaske, kuma ba don araha kaɗai ba. Daga nan ne kawai ake ganin fuskar jagora, wato mai tsayawa gaban makaɗa yana ba su umarni, da hannunsa na hagu, yadda yake kiran masu busa da ido kafin su shiga, yadda yake danne masu busa kayan ƙarfe da tafin hannu. Kana kusa da makaɗa fiye da mutumin da ya biya kuɗin B. Idan babban kiɗa ne na okestira zalla, babu mawaƙi babu fiyano, asararka kaɗan ce, abin da ka samu kuma da yawa. Idan akwai mawaƙi, labari ya canza. A watan Janairun 2019, a Elbphilharmonie ta Hamburg, wadda ita ma kewayayyen zaure ce, wasu da ke zaune a bayan dandamali sun yi ƙorafi da babbar murya ana tsakiyar waƙar Jonas Kaufmann cewa ba sa jin sa. Mawaƙin ba ƙarami ba ne, zauren ma sabo ne fil, an buɗe shi a 2017. Bayansa kawai suke. Ka kuma sani cewa mai zama a H yana cikin idon duk zauren, da na kyamarorin da ke watsa wasannin Berliner Philharmoniker, okestirar da wannan zaure yake gidanta, ta intanet. In kai mai gyangyaɗi ne bayan aiki, ka yi tunani.

Saboda haka ka karanta jadawalin kafin ka buɗe taswira. Ana sayar da tikitin kaka ne jeri-jeri, kowane jeri da darare kamar shida ko makamancin haka. Ɗauki jerin da ya ja hankalinka ka ƙirga: dare nawa ne ke da mawaƙi ko ayarin mawaƙa, nawa ke da mai fiyano, nawa ke da mai goge shi kaɗai a gaba, nawa ne okestira zalla. In cikin shida akwai uku ko fiye masu murya ko fiyano, kada ka sayi baya, nemi C ko D, ko da can ƙarshe ne. In ɗaya ne ko biyu, H ciniki ne mai kyau. Mai goge shi kaɗai yana tsakani: za a ji shi daga baya, amma ba da haskensa duka ba.

Na gefe, wato E da F, su ne sasanci, kuma a nan hagu da dama ba ɗaya ba ne. Hagu da dama ana ƙirga su ne daga mai kallon da ke fuskantar dandamali. Mai fiyano na zama da madannansa ta hagu, don haka daga hagu ake ganin yatsunsa, shi ya sa wannan gefen ke saurin ƙarewa a daren fiyano. Daga dama fuskarsa za ka gani, ba hannu ba, sautin kuma bai ragu ba. Masu goge na farko kullum suna hagun jagora. In ka zauna ta hagu a gefe, bayansu kake, kana fuskantar masu celo. In ka zauna ta dama, fuskar gogensu na kallonka, amma manyan goge masu kauri kan kasance a ƙarƙashinka. Wasu jagorori na raba masu goge na farko da na biyu hagu da dama, su matsar da celo tsakiya, don haka ba abu ne da za ka gina kaka guda a kansa ba. Abin da ya fi muhimmanci a gefe shi ne ka matsa ta wajen gaban zauren. Kujerar gefe da ke gaban layin da jagora ke tsaye tana jin mawaƙi, wadda ta wuce layin zuwa baya kuwa ta fara ɗaukar halin H, ko da harafinta E ne.

In ka zaɓi ɓangare, saura sahu. Taswirar kan zo da launuka, kowane launi da farashinsa. Nemi inda launi biyu suka haɗu. Sahun ƙarshe na rukuni mai tsada da sahun farko na rukunin da ke bi masa tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba, amma bambancin kuɗin, in ka ninka shi sau shida, ya isa tikitin wani daren. Ka ɗauki na farkon mai arahar. Abu guda za ka kiyaye: sahun farko na kowane hawa yana da katanga ko ƙarfen kariya a gabansa, kuma ga gajeren mutum ƙarfen kan faɗo daidai kan dandamali. Sahu na biyu ya fi aminci. Kujerar bakin hanya tana ba dogon mutum wurin miƙe ƙafa, amma shi ne zai riƙa tashi wa kowa.

Akwai hanyar rage kuɗi da ta fi duk wannan dabarar, kuma mutane kan manta da ita. Ba Berliner Philharmoniker kaɗai ke wasa a Philharmonie ba. Deutsches Symphonie-Orchester da Rundfunk-Sinfonieorchester, duka na Berlin, suna wasa a wannan zauren, kuma tikitinsu ya fi sauƙi. Kuɗin da zai ajiye ka a K wajen Berliner Philharmoniker, ƙungiyar da Kirill Petrenko ke jagoranta, yana iya kai ka gaban dandamali wajen waɗannan. Ƙungiyoyi ne na ƙwararru ba na wasa ba. Ga wanda yake fara sauraron wannan kiɗa, ni na fi son ya samu kujera mai kyau a wajensu da ya maƙale a mummunar kujera saboda suna. Konzerthausorchester, da Joana Mallwitz ke jagoranta tun 2023, ita ma tana cikin wannan lissafi a nata zauren. In kuma shekarunka ba su kai 30 ba, duba ClassicCard, katin rangwame na matasa, kafin ka sa hannu a komai, domin rangwamen matasa na iya sa tikitin kaka ya zama asara gare ka.

Sai maganar ko tikitin kakan ma ya dace da kai. Iri biyu ne a Jamus. Akwai Abo (sunan tikitin kaka a Jamusanci) na kafaffiyar kujera, inda ranaku da kujera duk an yanke. Akwai Wahlabo, inda kake zaɓar darare da kanka, kujerar kuma tana iya canzawa kowane dare. Ga mai neman araha, na biyun na da wata fa'ida da ba a tallata ta: ka zauna a baya a daren okestira zalla, ka koma gaba a daren mawaƙi. Ba kowace ƙungiya ke bayar da shi ba, sai ka tambaya. Kafaffiyar kujera kuwa ribarta ita ce riƙo: in ka samu mai kyau, taka ce shekara bayan shekara, kuma tsofaffin masu Abo ake fara ba damar sauya wuri kafin sababbi.

Yi lissafin da daren da za ka halarta da gaske. A matsayin misali kawai, a ce darare shida a kan yuro 30 kowanne, 180 ke nan. In biyu suka kuɓuce maka, kowane daren da ka je ya tsaya maka a 45, rangwamen ya tafi har da ƙari. Kaka na farawa ne ƙarshen Agusta ko Satumba ta ƙare a Yuni, don haka ɗauko kalanda ka jera ranakun. Duba lokacin da kake zuwa gida hutu. In kana azumi, ka lura cewa a 'yan shekarun nan Ramadan na faɗowa wajen Fabrairu da Maris, tsakiyar kaka ke nan, wasan kuma yawanci ƙarfe takwas na dare ake farawa, a ɗauki kusan awa biyu da hutun minti ashirin a tsakiya, wato daidai lokacin asham. Sannan ka karanta sharuɗɗa uku: sau nawa aka yarda ka musanya dare, kwana nawa kafin wasan dole ka sanar, kuma ko wani zai iya shiga da tikitinka. Na huɗu shi ne wanda ya fi kama baƙi. Abo na kafaffiyar kujera sau da yawa yana sabunta kansa zuwa kaka ta gaba in ba ka soke shi a rubuce kafin ranar da aka ƙayyade ba. Rubuta ranar a wayarka tun ranar da ka biya.

Kada ka sayi kaka guda a kujerar da ba ka taɓa zama kusa da ita ba. Ana fitar da jadawalin sabuwar kaka ne a bazara, lokacin da tsohuwar ba ta ƙare ba, saboda haka akwai damar gwaji. Sayi tikitin dare guda a ɓangaren da kake hari, ka zaɓi daren da ke da mawaƙi ko fiyano, domin shi ne zai tona aibin wurin. A hutun tsakiya, lokacin da mutane suka fita, zagaya ka tsaya a sauran wuraren da kake tunani, ka duba ƙarfen kariya, ka ɗaga kai ka duba rufi, ka ƙirga matakalar da za ka hau. A Philharmonie akwai tikitin tsayuwa, Stehplatz, da kuma bencin kan dandamali, Podiumsplatz, wanda ake sayarwa idan babu ayarin mawaƙa a daren. Duka biyun na dare guda ne, kuma bencin hanya ce mai arha ta sanin ko zaman baya zai karɓe ka. Hotunan da ake ɗorawa a taswirar intanet suna nuna gani daga zaure wayam, babu kan kowa a gabanka, kuma ba sa gaya maka komai game da sauti.

In ka tashi saye, buga wa ofishin Abo waya ko ka je da kanka, kada ka tsaya ga shafin intanet. Ma'aikatan sun san kujerun da aka saki bayan tsofaffi sun gama sabuntawa, kuma in ka ce musu ga kuɗina, ba na son rumfa a kaina, ba na son ƙarfe a idona, za su nuna maka. Ba su zaɓi uku a jere. Ga yadda zan jera maka su: a Philharmonie, C ko D kusa da tsakiya, sai E ko F ta wajen gaba, sai H in jerin naka okestira zalla ya fi yawa. A Konzerthaus, bene na tsakiya mai fuskantar dandamali ko da na biyu ne, sai sahun farko na benen gefe can nesa da dandamali inda kusurwar gani ta buɗe. In kai kaɗai ne, faɗa musu tun farko, domin kujera tilo da ta rage tsakanin ma'aurata biyu tana yawan samuwa a sahun da aka ce ya cika.

Daren farko ka isa da rabin awa a hannu. Harabar Philharmonie matakala ce birjik, kowane harafi da hanyarsa da gefensa, daga tashar Potsdamer Platz kuma akwai 'yar tafiya a ƙafa. Wanda ya makara ba a barinsa ya shiga sai an kai wurin tsayawa, wani lokaci sai hutun tsakiya, kuma ba a mayar da kuɗin rabin da ya wuce.